Wa Ke Magana da Hannun Inna?

Abu na farko da Alƙahira ta koya mini shi ne hoton ɗaki ba ya nuna benen da za ka hau kafin ka isa cikinsa. Sabi'u ya turo mana hoton tun muna gida: falo mai labule, gado biyu, har da fulawar roba a kan tebur. Bai yi ƙarya ba, duk mun same su. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne ɗakin yana can ƙololuwar gini, kuma lif ɗin gidan ya daɗe da mutuwa. Muka tsaya a ƙasa muna kallon sama, ni da ƙanwata Dije, da Inna a kan keken marasa lafiya.

Sabi'u ɗan Kano ne da ya je karatu, karatun ya gagara, ya koma yi wa masu zuwa neman magani tafinta da jagora. Yana da irin fara'ar nan da ba na so. Ni kuwa malamin dabbobi ne a Karaye, kuma aikin ya ɓata mini hali. Wanda ya yi shekaru yana shiga kara, kasuwar shanu, yana ganin yadda ake ɗura wa sa mai ciwo gishiri da ruwa har cikinsa ya taso, da wuya ya ƙara yarda da abin da aka nuna masa. A Unguwar Hajji, inda nake zaune, har tsokanata suke yi, wai ko gaisuwa aka miƙo mini sai na juya ta na duba bayanta.

Mai gadin gidan, wani dattijo da ake kira Ammu Ragab, shi ya fitar da mu kunya. Ya tattare jallabiyarsa, ya kama gaban keken, na kama baya, muka yi ta hawa muna hutawa. Da muka isa na sa hannu a aljihu, sai ya dafa ƙirjinsa ya juya. Na kwana biyu ina jiran ranar da zai kawo lissafinsa. Har muka bar ƙasar bai kawo ba, kuma duk ranar asibiti shi ke kama gaban keken.

Hawan jini ne ya kayar da Inna a ƙauyenmu Fulatan, tana dawowa daga tatsa. Ya shanye mata ɓarin dama, ya tafi da maganarta. Kalma ɗaya ta rage a bakinta, "to". In tana jin ƙishi "to", in tana jin zafi "to". Mun yi asibitin Rogo, mun yi na Kano, sannan dangi suka haɗa ƙarfi aka ce a gwada Masar. Shanunta ne kawai ba a taɓa ba. Baffa, ƙanen mahaifinmu da ke riƙe da gida tun rasuwarsa, ya ce shanun nata ne, ba mai kai ko maraƙi kasuwa sai da yawunta.

Makonnin farko a sashen gashin ƙashi suka tafi. Ana miƙa ƙafa ana lanƙwasawa, ƙafar ta fara ɗan motsi, baki dai shiru. Muka gaji da burodi da dafaffen wake. Dije ta nemo wani nono a shago ta dama da garin gero da muka ƙullo, Inna ta kurɓa sau ɗaya ta kawar da kai, ni ma ban ga laifinta ba. Damina ta sauka a gida, ana turo mana hoton dawa ta kai gwiwa, mu kuma ba abin da muke gani ta taga sai shanyar kayan maƙwabta. Dije takan shiga banɗaki ta yi kukan kewar 'ya'yanta, ta fito ta ce hayaƙin motoci ne. Da hantsi, lokacin tatsa, yatsun hagun Inna sukan riƙa matsewa suna buɗewa a kan cinyarta. Na daina kallonta a wannan lokacin, don ba na iya jurewa.

A nan Sabi'u ya zo da albishir. Wai akwai wata cibiya da bebaye ke magana, har akwai Bahaushiya a cikin ma'aikatan. Na tambaye shi nawa ne la'adarsa, ya yi dariya ya ce Malam ba ya canzawa. Dije ta ce ko don Allah mu je mu gani.

Bahaushiyar sunanta Sakina, 'yar Hausawan Sudan ce da yaƙi ya koro. Na je da niyyar in ƙi ta, abin ya gagara. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta gyara mata ɗankwali, tana yi mata wata tsohuwar Hausa irin ta kakanni. Aikinta shi ne ta ajiye allo mai haruffan Larabci, ta riƙe tsintsiyar hannun hagun Inna, yatsa ya riƙa sauka kan baƙaƙe, ita kuma tana haɗawa tana karantawa. Inna ta yi allo tana yarinya, tana ɗan karanta ajami, saboda haka abin bai yi kama da wanda ba zai yiwu ba. Ranar farko hannun ya rubuta "ruwa". Kashegari ya rubuta "alhamdulillahi". Na lura idon Inna yana kan taga, ba kan allon ba. Na tambaya, mai cibiyar ya ce masu irin wannan ciwo da gefen ido suke gani. Na riƙe wannan a raina, ina jiran in ƙara da wani.

Ban samu na ƙara ba, don a zuwa na gaba hannun ya sauka kan harafin sin, ya wuce lam, ya ci gaba. Sakina ta ɗago da hawaye a idonta ta karanta:

"Sulaimanu ɗana, ina ƙaunarka. Ina so in zauna a nan har in warke."

Ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Karaye. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Na Karaye" take ce mini, shi ma ba a gabana ba. In tana ba jikoki ƙissar annabawa ta iso kan mai sunana, "ɗan Annabi Dawuda" take cewa ta wuce. Ban taɓa jin haushi ba, haka aka yi wa babana, haka aka yi wa duk ɗan farin da na sani a rugagenmu. Amma ashe akwai wani wuri a cikina da ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana jira. Mutumin da ke juya gaisuwa ya duba bayanta ya zauna a kujerar roba yana kuka kamar yaro. Na ce wa kaina ciwo ne ya cire mata kunya, ko kuwa ta ga mutuwa kusa ta ce bari ta faɗa. Dije ta ɗauki komai a waya, kafin mu isa masauki ta tura wa dangi.

Da la'asar Baffa ya kira. Ya ce kowa ya gani, har Goggo, 'yar'uwar mahaifinmu, ta sa an maimaita mata. Tunda ita da kanta ta ce za ta zauna, to yawunta ya samu, zai sa a kai shanun kara don a biya cibiyar watannin da suka nema.

Daga ranar Inna ta daina cin abinci. In na shigo ɗaki sai ta ja mayafi da hannun hagu ta rufe fuska. Na ɗauka ciwon ne zai dawo, na auna jininta, ba abin da ya canza. Sai wata safiya Dije tana sake kallon bidiyon a gefen gado. Muryar Sakina na isowa kan sunan, Inna ta kai wa wayar duka har ta faɗi ƙasa, ta juya fuskarta bango tana cewa "to, to, to", da wata murya da ban taɓa ji ba.

Na sunkuya na ɗauki wayar. Ashe tana jin duk abin da ake faɗa. An kama hannunta a gaban baƙi, an sa mata abin da ta yi rayuwarta tana kiyayewa, an kuma aika wa Fulatan kaf, har surukanta, ita kuwa ba ta da bakin da za ta ce ba ita ba ce. Na ji kunya, na kuma ji baƙin ciki, don na san abin da na rasa a wannan safiyar.

Wadda ke yi wa Inna gashi ce ta ga ramarta ta tambaya. Da na ba ta labari sai ta ce ai akwai likitar magana a hawa na sama, a cikin asibitin nan da muke zuwa kullum. Sabi'u bai taɓa ambata ba, kuma na san dalili.

Sunanta Dokta Hiba. Da Turancina na malamin dabbobi da nata na likita muka fahimci juna. Na shiga da shirin jin alkawari, don kowa a garin nan da alkawari yake fara magana. Ita ce ta farko da ta ce mini mai yiwuwa bakin Inna ba zai dawo ba. Game da riƙe hannu kuwa, ta ce masu bincike sun gwada shi a wurare da yawa, kuma abu ɗaya ake ta samu: in mai riƙe hannun bai san amsa ba, amsar ba ta fitowa. Ta ce yawancinsu ba maƙaryata ba ne, hannunsu ne ke ja ba su sani ba. Na ce ita ma ai kasuwa take nema, ta yaya zan san ba kushe ta abokin sana'a take yi ba.

Ta ce, "Kada ka yarda da ni. Je ka gwada. Ka nuna wa mahaifiyarka abu ba a gaban matar ba, sannan a tambaye ta me ta gani."

Tun da na zo ƙasar ba a faɗa mini maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Sakina ta amince ba gardama, har tana murna, wai yau Malam zai huta da zargi. Ta fita, na ciro sabulu daga jaka na nuna wa Inna, na sa mata a hannu ta shinshina, na mayar. Sakina ta dawo ta riƙe hannun. Ya yi ta yawo a kan allo, can ya rubuta "na gaji". Muka sake. A karo na biyu cokali na nuna wa Inna, amma da Sakina ta shigo sai na yi kamar ina gaggawar cusa carbi a aljihu, na bari ta hango. Hannun bai yi wata-wata ba, ya rubuta "carbi".

Na ciro cokalin na ajiye a kan tebur. Sakina ta dube shi, ta dubi aljihun da na sa carbin, sannan ta saki hannun Inna a hankali ta zuba wa nata ido.

"Wallahi, Malam, ban san ni ce ba," in ji ta.

Na zo kama ɓarawo, na tarar da baiwar Allah da ta rasa gida, ta ɗauka ta samu aikin lada. Na yarda da rantsuwarta har yau. Mai cibiyar ne ya taso da faɗa, wai shakka ce ke tsinke alaƙa tsakanin mai jinya da mai taimako, wai mu muka ɓata aikin da rashin imani. Na ce masa ni ma da allura nake aiki, kuma ba ta taɓa tambayar saniya ko ta yi imani ba. Tun daga ranar wayar Sabi'u ta daina shiga.

Baffa bai karɓi maganar da sauƙi ba. Ya riga ya yi magana da dillali. Ya ce jiya mun ce ta ce, yau mun ce ba ta ce ba, wanne zai kama. In ba ita ta yi waccan maganar ba, to me take so, zama ko dawowa? Zai dakata, amma yana son ya ji daga gare ta, ba daga gare ni ba. Ban ji haushi ba, a gurbinsa abin da zan ce ke nan.

Aikin Dokta Hiba ba shi da ban mamaki ko kaɗan, har Dije ta riƙa hamma. Ba mai taɓa hannun Inna. Za a ajiye hotuna biyu, Dije ta faɗi sunan ɗaya da Fulatanci ko Hausa, a jira. Wani lokaci jiran yakan yi tsawo har in ji kamar in nuna mata da kaina, likitar ta sa ni zama a kan hannuwana. In Inna ta nuna, sai a sauya wa hotunan wuri a sake, don a tabbatar ba gefe ɗaya kawai hannun ke faɗawa ba. Da farko ta yi ta kuskure. Na duba hotunan na ga bahon wanka na Turawa ne da wani dogon burodi da kare a kan kujera. Muka sa aka ɗauko mana na gida: ƙwaryarta, butarta, tabarmar sallarta, ƙofar ɗakinta, farar saniyarta. Kuskuren ya ragu sosai, ko da yake bai ƙare ba. An gwada mata na'ura mai magana in an taɓa, ta tsorata da muryar, aka ajiye. Dije ta ɗinke hotunan a kan faifan da muka zo da shi, wannan kam ta karɓa ta ɗora a cinya.

Ita ma likitar ta yi nata kuskuren. Ta jera hotunan dangi, aka ce ina Dije, Inna ta nuna. Ina Baffa, ta nuna. Aka ce ina ɗanki na fari, ta kawar da kai. Aka sake, ta kuma kawarwa. Na ga Dokta Hiba ta ɗauki biro, ta ce da alama akwai fuskokin da suka ɓace mata. Na yi mata bayanin alkunya iya Turancina. Ta ajiye biron, ta ce wannan ba ya cikin abin da ta karanta, shi ya sa ba a yin aikin nan sai da masu mutum. Ta tambaya me za a sa a madadina. Aka kawo hoton hulata, da na jakar magunguna, da na babur ɗina. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan babur.

Da likitar ta gamsu cewa nunin Inna abin dogaro ne, muka kira Baffa ta bidiyo. Aka jingina wayar inda zai ga kowa, ni da Dije muka koma jikin bango. Hoto biyu ne a gabanta, gadon asibiti da ƙofar ɗakinta. Baffa da kansa ya yi tambayar da Fulatanci, ya ce in ta zauna za a ci gaba da gashi amma shanu za su tafi, in ta dawo sai abin da Kano ta iya. Ta nuna ƙofa. Ya ce a juya hotunan. Ta nuna ƙofa. Ashe zargin a jininmu yake, sai da ya sa aka ɗora ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A wannan karon ba nuni ta yi ba, tafin hannunta ta kifa a kan ƙofar ta bar shi a nan, tana kallon wayar.

Baffa ya ce, "Na ji, Adda. Ku taho."

Likitar ta so a ƙara ko wata ɗaya, ta faɗa mana haka a fili. Amma ta ce an tambayi mai jiki ta amsa, kuma ba a tambayar mutum don a ƙi jin amsarsa. Ranar tafiya Ammu Ragab ya kama gaban keken muka sauko. Na ba shi sauran garin geronmu, wannan kam ya karɓa, ko da yake ban san me zai yi da shi ba.

Mun iso Fulatan ana yankan dawa. Shanun suna nan. Bidiyon ne ba yadda za a yi da shi, ya riga ya zaga. Na bi gida-gida ina cewa ba ita ba ce, wasu suka yarda, wasu suka ce Malam dai da zarginsa. Kwanaki ɗakinta bai rabu da 'yan sannu da zuwa ba, tana zaune da faifanta a cinya, mai son ya ji ta sai ya koyi jira.

Ranar da zan koma Karaye na shiga yi mata sallama. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba, na ce zan koma bakin aiki. Ba ta dube ni ba. Ta ɗora yatsa a kan babur, ta ɗaga, ta kai kan ƙofa. Dije ta ƙunshe dariya ta ce mini, "Hamma, an ce ka fita."

Na fita. Na zauna a gindin ɗorawar da ke bayan ɗakin, ina gaya wa kaina ai abin da na nema ke nan, maganarta ta gaskiya, ko da kora ce. Duk da haka ta yi mini zafi.

Can sai ga Dije da ƙwarya cike da fura, nonon safiyar nan, har da man shanu yana yawo a kai. Ba ƙwaryar baƙi ba ce, ta Inna ce, wadda ba mai sha a cikinta. Ta ce ina fita Inna ta nuna babur, ta nuna ƙwarya, ta yi ta maimaitawa. Da aka ɗauko wata ƙwaryar ta ture, sai da aka sauko da tata.

Na riƙe ƙwaryar ban sha ba. Na ce, "Kin taɓa hannunta?"

"Hannuna yana bayana, Hamma."

"Faifan fa? Yadda yake kullum yake, ko kin juya shi?"

"Na juya shi. Sau biyu. Goggo tana wurin, je ka tambaye ta."

Ban je ba. Na yi bismilla, na juya wa Dije baya don kada ta ga fuskata, na shanye tas.